Enid Ta Ƙi Sakin Biro

Duk wanda ya san shagon shayin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Scarborough a Ingila ya san teburin kusa da taga, ya kuma san ba a zama a kansa ranar Asabar da safe. Baƙo ne kawai ke yin wannan kuskuren, shi ma ba ya maimaitawa. Teburin na Enid Barraclough ne da mutanenta, kuma in ka ce nata ne ita kaɗai ma ba ka yi ƙarya ba, don ita ke riƙe da biro.

Abin da ke tara su kacici-kacicin bayan jarida ne, wannan mai gurabe farare da baƙaƙe da ake cikewa da haruffa, wasu kalmomin a kwance wasu a tsaye suna ratsa juna. Iri biyu ake bugawa. Akwai mai sauƙi, wanda za a ce maka "babban birnin Faransa" ka rubuta ka wuce. Wannan Enid ko kallo bai ishe ta ba, da shi take naɗe ɓawon dankali. Sai kuma mai murɗiya, wanda kowace tambaya a cikinsa tarko ce. Mai ɗana shi zai ba ka jimla mai kama da zancen hankali, alhali rabinta ne kawai ke faɗin ma'anar amsar, ɗaya rabin kuwa umarni ne a ɓoye: juya wannan kalma, yanke kan waccan, gauraya haruffan wannan. Da a ce da Hausa ake yi, sai a ce maka "wurin zama a cikin jirgi da kaya", haruffa huɗu. Kai kana can kana neman kujera a teku, ita kuwa amsar tana zaune a gabanka, wutsiyar "jirgi" haɗe da "da" ɗin da ke bin ta, gida ke nan. To haka abin yake, sai dai na ranar Asabar ya fi wannan mugunta nesa ba kusa ba.

Dokar Enid guda ɗaya ce. Ba a rubuta amsa sai an yi mata fashin baƙi da baki kowa yana ji, a faɗi inda kowane harafi ya fito. Ko da amsar ta fito fili, ko da haruffan da suka ratsa ta sun nuna babu wata kalma a duniya da za ta shiga gurbin sai ita, biro ba zai taɓa takarda ba. In wanda ya hango amsar ya kasa bayani, mai biro ce za ta yi. In ita ma ta kasa, a bar wurin fari a tashi a tafi gida da haushi.

Wanda dokar nan ta fi ci wa rai shi ne Desmond Pickersgill, tsohon mahauci, ƙato mai jan wuya, mai saurin hango amsa kamar me, mai ƙyuyar bayani fiye da haka.

"Haba Alƙaliya," zai ce, "kalmar nan ko jariri ya san ita ce. Rubuta mu wuce, cikina kuka yake."

"Na ji ka ce ita ce, Sarkin Fawa. Me ya sa ita ce?"

"Saboda ta shiga!"

"Ƙafarka ma za ta shiga takalmin Glenys in ka matsa. Naka ne?"

Glenys Hebden, ƙawar Enid tun suna 'yan mata, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, ita ce mai rabon faɗa. Makaminta biskit ne. Da ta ga wuyan Desmond ya ƙara ja sai ta tura masa faranti ta ce a yi haƙuri, wasa ne. Ga Enid kuwa ba wasa ba ne, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Wannan taurin kai ba a teburin shayi ta samo shi ba. Koyar da tuƙin mota ta yi duk ƙuruciyarta, tun lokacin da aikin na maza ne zalla. Takan je ɗaukar ɗalibi, uban ya fito ya leƙa cikin motar ya ce ina malamin, ta ce masa ga shi kana kallo. Duk wanda ya koya a hannunta yana tuna tambayarta har ya tsufa. Ka taka birki, ta ce me ya sa. Ka kunna sigina, ta ce me ya sa. In ka ce haka kawai ka ji a jikinka, to ka shirya zagaya shataletalen bakin teku har kanka ya juya. Takan ce ɗalibin da ya ci jarrabawa da sa'a ba ta murna da shi, tsoronsa take ji, don hanyar da zai bi 'yarta ma tana bi.

A ɗakin jira na ofishin jarrabawar tuƙi ta haɗu da kacici-kacicin. Nan malamai kan zauna suna cin farce yayin da ɗalibansu ke waje da mai jarrabawa. Wata rana wani dattijo a cikinsu ya tashi ya bar jaridarsa a cike rabi. Enid ta ɗauka, ta karanta tambayoyin, ta karanta amsoshin, ta rasa abin da ya haɗa su. Kai, abin ya ɓata mata rai! A ce ga amsa ga tambaya, ita kuma tana tsakiya kamar sakarya? Ta addabi dattijon nan da me ya sa, me ya sa, har ya koma zaman jira a cikin motarsa. Amma kafin ya gudu ta riga ta kama bakin zaren. Mijinta Cyril, mai fentin gidaje, mutum mai sanyi, yakan ce ya auri matar da ko a ranar ɗaurin aure sai da ya ji tsoron za ta tambayi limamin coci dalili.

Bayan rasuwar Cyril gidan ya yi mata shiru da yawa, sai ta fara ɗaukar jaridarta zuwa shagon shayi, Glenys na raka ta. Ran nan wani ƙato daga teburin gefe ya miƙo wuya, ba a tambaye shi ba, ya faɗi amsar wata tambaya da ƙarfi. Enid ta sauke tabarau ta ce me ya sa. Suka yi musu har shayinsa ya huce. Asabar mai zuwa ya jawo kujerarsa ya dawo don ya rama, kuma bai rama ba har gashinsa ya ƙare. Wasu sukan zo su zauna wata biyu su gaji su tafi, amma su ukun nan suna nan.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya tana shanya a bayan gida, rigar da ke hannunta na dama ta suɓuce, ta sunkuya ɗauka, ƙasa ta taso ta tarye ta. Maƙwabciya ce ta hango ta ta kan shinge. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa dama. Allah ya so ta bahaguwa ce, hannun rubutu bai ji komai ba, ƙafa ma ta dawo da taimakon sanda. Kanta kuwa garau yake. Tana kwance a gadon asibiti ta warware kacici-kacicin mai murɗiya a zuciyarta tun daga sama har ƙasa. Bakin ne ya ci amanarta. Kalma tana nan tsaye a kanta sarai, amma kafin ta iso leɓe sai ta karye, ta fito rabi, ko ta ƙi fitowa sam. Matar da ta yi rayuwarta tana tsare mutane da tambaya, yanzu sai ta yi gumi kafin ta nemi ruwan sha.

'Yarta Philippa ta baro aikinta a Leeds ta dawo gidan na ɗan lokaci. Da Enid ta nuna tana son komawa teburin Asabar, Philippa ta kawo shawara mai kyau, irin ta masu hankali.

"Mama, ai hannunki lafiya lau. Ki riƙa rubuta bayanin a gefen takarda, Glenys ta karanta musu. Shi ke nan, an huta."

Enid ta harare ta. Sau nawa Desmond ya zana 'yan kibiyoyi a gefen jarida ya turo mata ya ce ga bayaninsa nan, ta mayar masa ta ce bakinsa ciwo yake? Yanzu ita za ta zo ta sassauta dokar don ta faɗo a kanta? Ina! Ta tattara ƙarfinta ta ce, "Da... baki."

Ranar da ta koma, tana shiga shagon suka miƙe tsaye. Tun daga nan ta san da matsala, don babu wanda ya taɓa miƙe mata, Desmond ma ƙafarsa ba ya janyewa in za ta wuce. Glenys ta gyara mata kujera, ta sa mata matashi a baya, tana yi mata magana da ƙarfi a hankali kamar kurma. Sauran biyun da ke zuwa a lokacin suna ta murmushi har kumatunsu suka gaji. Da aka buɗe jarida sai ga ta a ninke ta gefen mai sauƙi. Enid ta juya ta da hannun hagu ta danne da sandarta.

Aka fara. Ta hango amsar farko kafin kowa, ta buɗe baki za ta yi bayani. Ta sami kalma ɗaya, tana kokawa da ta biyu, sai Glenys ta ƙarasa mata jimlar, sauran suka ce madalla Enid, rubuta. A tambaya ta gaba ma haka. Ko numfashi ta ja sai wani ya cafe ya faɗi abin da yake zaton za ta faɗa, kuma ko daidai ko ba daidai ba a tafa mata. Mutanen nan dai haka suke, gara a mutu da a bar mutum ya ji kunya a gaban jama'a. Shirun da take buƙata don kalmar ta iso, su shi ne ba za su iya jurewa ba, sai sun cike shi da kirki. Desmond kuwa idonsa na cikin kofin shayi, yana juya cokali a abin da babu sukari.

Asabar ta biyu ta wuce haka, ta uku ma. Enid ta fara zargin ba sa ma sauraronta, sai ta ɗana musu nata tarkon. Aka zo kan wata tambaya mai wuya, amsarta sunan wani kayan kiɗa. Ta ɗaga yatsa alamar ita za ta yi bayani. Duk suka zuba mata ido da fuskokin nan nasu na tausayi. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, sarai kuwa wannan karon:

"Dankali."

"Haka ne kuwa!" in ji Glenys. "Kin gani, ni ban ma lura ba. Rubuta, ƙawata."

Sauran suka gyaɗa kai. Enid ta juya ga Desmond. Mutumin da ya taɓa musu da ita har mai shago ya roƙe su su sassauta murya, a kan harafi guda, shi ma ya gyaɗa kai bai ɗago ba. Wannan ya fi faɗuwar bayan gida ciwo. A asibiti an ce mata ta rasa wani abu, amma a nan ne ta ga an gama da ita. Ba ta rubuta ba. Ta rufe biron ta sa a aljihu, ta zauna tana kallon taga har aka tashi, su kuwa suka ɗauka gajiya ce.

A mota Philippa ta fasa ƙwan.

"Mama, Glenys ta kira ni. Sun ga abin yana wahalar da ke. Suna so Asabar mai zuwa su yi miki ɗan biki, da kek da komai, don su gode miki. Sai Glenys ta riƙe biron na ɗan lokaci, ke kuma ki zauna ki ji daɗinki. Ba korar ki za su yi ba fa. Kowa yana son ki."

Na ɗan lokaci! Enid ta san wannan ɗan lokacin. Da shi aka karɓi makullin motarta, har yau bai ƙare ba. Ta so ta ce wa yarinyar nan ita ba son su take nema ba, so ai kyanwarta ma tana yi mata. Ta so ta ce in sun karɓi biron da hujja, in sun kama ta da kuskure, da hannunta za ta miƙa. Amma a lulluɓe ta da kek a ɗauke ta daga kujerarta tana ji tana gani? Duk wannan yana kanta, jimla bayan jimla, a jere tsaf. Abin da ya fito kawai shi ne, "A'a."

"Mama, don Allah."

"A'a."

Makon nan Enid ba ta zauna ba. Likitar da ke koya mata magana ta ba ta wasu kalmomi da za ta riƙa maimaitawa, kofi, cokali, taga. Ta ture su gefe. Kullum da safe sai ta warware kacici-kacicin ranar, sannan ta tsaya a kicin ta yi wa butar shayi fashin baƙinsa tambaya bayan tambaya. Butar dai tana da hali ɗaya mai kyau, ba ta ƙarasa wa mutum magana. Philippa takan tsaya a bakin ƙofa tana jin uwarta tana sara kalma guda kamar mai faskare, hawaye na zubo mata, ta taho za ta taimaka, Enid ta nuna mata hanyar falo da sanda.

Ana jibi Asabar ta sa kot ɗinta ta hau bas ita kaɗai, Philippa na kasuwa. Ta sauka a bayan layin dogo, inda 'yan fansho ke da ƙananan lambuna. Desmond na durƙushe a tsakanin kabejinsa. Da ya gan ta ya miƙe da sauri yana goge hannu a wando.

"Enid! Ke kaɗai? Zo ki zauna, bari in kawo kujera."

Enid, wai. Yau ba Alƙaliya. Ba ta zauna ba. Ta dogara sandarta cikin laka, ta kafe shi da ido, ta ɗauki lokacinta, don wannan kalmar ta yi ta gwada ta a bas tun daga gida.

"Matsoraci."

Wuyan ya fara ja. "Ni? To me kike so in yi? In tsaya ina yi wa mara lafiya ihu a gaban mutane? Ni ma fa ina da zuciya. Ranar da aka ce kin faɗi, ban iya cin abinci ba."

Ta ga da gaske yake, kuma abin ya taɓa ta, amma ba shi ta zo ji ba. Ta ɗaga kafaɗa, ta juya, ta kama hanyar tashar bas tana jan ƙafa. Ya biyo ta har bakin shinge yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba.

Ranar Asabar ana yayyafi. Kek ɗin na tsakiyar tebur, na lemun tsami, wanda ta fi so, ga wani mayafin ulu a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Philippa ma ta zauna. Glenys ta share murya za ta yi jawabi, Enid ta buɗe jarida ta ɗora a kan kyautar ta zare murfin biro. Suka kalli juna, suka ce to, a fara wasan tukuna, jawabi ya jira.

Ta bar su suka yi ta hango amsoshi suna bayani, ita tana rubutawa, ba ta ɓata ƙarfinta ba. Gurabe suka yi ta cika har saura tambaya ɗaya a kusurwar ƙasa. Haruffan da suka ratsa ta sun tona amsar, sunan wani tsuntsun teku ne, kowa ya gani. Amma yadda aka yi jimlar ta haifi tsuntsun, babu wanda ya sani. Aka juya ta, aka karanta daga baya, shiru. Bisa doka, magana ta dawo kan mai biro.

"Ai mun san ita ce," Glenys ta ce da taushi, tana miƙo hannu. "Kawo in rubuta miki, ƙawata, sai mu yanka kek."

Enid ta damƙe biron a ƙirjinta. Da ɗaya hannun, mai rauni, ta jawo cokali ta buga a jikin kofi. Duk shagon ya juyo.

"Ni," ta ce.

Ta sa yatsa a kan kalmomin farko na tambayar. "Ko... ko..." Glenys ta buɗe baki, cokali ya sake bugawa, ta rufe. "Kogi." Ta juya yatsanta a iska, ta yi ta juyawa har kalmar ta iso. "A... juye." Wato sunan wani kogi za a karanta daga baya, shi ne kan tsuntsun. Ɗaya daga cikin sauran ya duba ya ce kai, haka ne fa, wannan karon da gaske.

Gaɓa ta biyu ta fi wuya. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Sau uku kalmar tana zuwa bakin ƙofa tana komawa. Philippa ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta, Glenys ta kusa cinye leɓenta. Masu cin abincin rana suka fara shigowa suna kakkaɓe lema, mai shago ya zo zai kwashe kofuna, ya ga fuskar Enid ya koma. "Li... likita," ta ce a ƙarshe. "Gajere." Haruffa biyun da ake taƙaita likita da su, su ne cikin tsuntsun. Sai gaɓar ƙarshe, wutsiyar wata kalma da aka ce a yanke. Wannan ta zo da sauƙi, kamar ta ji tausayinta. Enid ta jingina da kujera tana haki.

Tafi ya ɓarke, har da na teburin gefe. Glenys na share ido. Philippa ta rungume kafaɗar uwarta tana cewa kin yi, Mama, kin yi. Enid ta ji daɗi, ba za a ce ba ta ji ba, amma daɗin da ɗan ɗaci a ƙasansa, don tafin nan ta san shi, irinsa aka yi wa dankali. Ta sunkuya za ta rubuta.

Wani ƙaton hannu ya sauka a kan jaridar ya rufe gurbin.

"Ban yarda ba," in ji Desmond.

"Desmond!" Glenys ta ce. "Ka haukace ne?"

"Ban yarda ba, na ce. Kogi a juye, na ji. Likita, na ji. Wutsiya, na ji. To harafin da ke tsakanin likita da wutsiya fa? Daga sama ya faɗo? Ƙirga ki gani, Alƙaliya. Saura ɗaya ba ki faɗi uwarsa ba."

Philippa ta miƙe, fuskarta ta yi ja. "Wane irin rashin imani ne wannan? Ba ka ga abin da ta sha ba kafin ta kai nan? Mama, tashi mu tafi gida."

Enid ba ta ko ji ta ba. Ta ture hannun mahaucin, ta gyara tabarau, ta bi haruffan da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Ta sake bi. Tirƙashi! Gaskiyarsa ne. Ga harafi nan guda a tsakiya, zaune daram, babu abin da ya kawo shi a cikin bayaninta. Ta tsallake shi, ita Enid Barraclough, kuma wannan ƙaton ne ya kama ta a gaban duk shagon. Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya, irin haushin nan mai zafi da ta kwana biyu ba ta ji ba. Sai ta ji wani abu na tasowa daga cikinta, ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta fito a karkace ta gefen bakin da ke aiki, da hawaye a tare, har sai da ta dafa tebur.

"Mama?"

"Zauna," Enid ta ce. Philippa ta zauna.

Glenys ta matso da farantin kek a hankali. "To ko mu bar shi haka, mu ɗan..."

Enid ta ture farantin gefe, ta jawo jaridar gabanta, ta ɗaga wa mai shago kofinta alamar a sake sabon shayi. Biron na hannunta na hagu, murfinsa a buɗe, bai taɓa takarda ba.

Desmond ya harɗe hannuwa a kan tumbinsa. Idonsa ya yi ja, amma muryarsa ba ta nuna ba. "In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, Alƙaliya. Ba za mu kwana a nan ba."

"Rufe... min... baki," ta ce. "Ina... tunani."

Ya rufe. Glenys ta mayar da hannuwanta kan cinya. Ruwan sama na sauka a jikin taga, shayi ya zo ya fara hucewa, Enid na duƙe a kan harafin nan guda leɓenta na motsi. Suka zauna suna jiran ta, babu wanda ya taimake ta.